Lakabin Ɗan Mas'uda

A waya Mas'uda ta ji sunan ɗanta, kamar wata maƙwabciya da ake yi wa albishir. Tana zaune a bakin gado a ɗan gidansu na unguwar Panyu, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, jaririn na kan cinyarta, sai mijinta Sharfaddeen ya kira daga shagonsa da ke ginin kasuwar Tianxiu, inda 'yan kasuwar Kano da na Damagaram suka taru bayan la'asar suka ci dabino suka shafa fatiha. Ya ce an yi wa Baba takwara. Rago kuwa a can Gwammaja aka yanka shi, mutanen da ba su taɓa ganin yaron ba suka ci suka sa albarka. Abin da ya iso Guangzhou daga cikin ragon nan hotonsa ne kawai.

Suna ne mai kyau, Suleiman. Amma ga Mas'uda ƙofa biyu aka kulle mata a kansa. Na farko ɗan fari ne, na biyu sunan surukinta ne marigayi. Ta yi karatu har jami'a, ta sha jin malamai suna cewa wannan kunyar al'ada ce ba addini ba, ta ma taɓa yin musu a kai a ɗakin kwanan ɗalibai, har ta yi nasara. To amma musu daban, harshe daban. Mahaifiyarta har yau ba ta taɓa furta sunan ɗanta na fari, yayan Mas'uda, ba, kuma Mas'uda a gindin wannan matar ta tashi. Duk lokacin da sunan ya taso mata sai ya tsaya a maƙogwaro.

A gida wannan ba abin damuwa ba ne, don lakabi na nan. Sai dai a gidan su Sharfaddeen lakabi ba a tsintarsa a hanya. Su Abba da Baffa da Halifa duk yayyensa sun riga sun kwashe, kowa ya haifi namiji sai ya mai da sunan Baba, kai ka ce sunayen duniya sun ƙare. Banda haka, mai sa lakabi a gidan mutum ɗaya ce, mahaifiyarsu Hajiya Jumai. Ita kuma tana da tata hanyar. Sai an miƙa mata jariri ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta sunsuni kansa, ta tambayi yadda ya zo duniya, ko ana ruwa ne, ko uban na kan hanya, ko bayan mata ya biyo. Daga nan sai sunan ya faɗo mata, irin na mutanen da, kuma ya bi yaro har furfura. Jikanta da aka haifa a mota tsakanin Bichi da Kano yanzu lauya ne, amma ba wanda ya san shi sai da Maidaji.

An taɓa tsallake ta sau ɗaya. Safiya, matar babban wan Sharfaddeen, ta gaji da jira ta sa wa ɗanta Amir da kanta. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Amma yaron ya kai aji uku na sakandare, in Hajiya za ta aike shi sai ta ce a kira mata ɗan Safiya. Mas'uda ta taɓa ganin fuskar yaron ranar wata salla, sauran jikoki ana kiran su ɗaya bayan ɗaya da sunayen da kaka ta ba su, shi yana tsaye a bakin ƙofa yana wasa da maɓallin rigarsa. Tun ranar ta ƙudurta a ranta cewa nata ɗan ba zai tsaya a wannan ƙofar ba.

Don haka bayan suna suka kira Hajiya ta bidiyo, Sharfaddeen ya kara fuskar jaririn a jikin waya ya roƙe ta ta taimaka. Tsohuwar ta matso har hancinta ya cika fuskar wayar, ta duba, ta ja baya.

"Ni ba na sa wa gilashi suna," in ji ta. "Ku kawo shi in ji nauyinsa."

Sharfaddeen ya ce to, in Allah ya yarda bayan arba'in. Bayan arba'in ya ce sai an gama baje kolin kaya, don baƙi daga Kantin Kwari sun cika masa shago. Bayan baje koli ya ce akwai kwantenar da ta maƙale. Takardun tafiyar yaro ma ya fara nema ya ajiye. Ba mugun mutum ba ne, Allah ya sani, yana son matarsa yana son ɗansa. Amma gobensa irin wadda ba ta wayewa ce. Shi kam bai ji zafin abin ba, don yana fita yaron bai tashi ba, ya dawo ya yi barci, sai ya leƙa ya ce "Babana" ya wuce wajen tuwo. Ya taɓa cewa ta riƙa kiran sa wani abu mana kafin su je. Ta tuna masa da ɗan Safiya, ya bar maganar.

Ita aka bari da wuni. Ta yi wankan jego ita kaɗai a ɗan banɗaki da ruwan butar lantarki, ta dama kunun kanwa mahaifiyarta na gyara mata ta waya. Gidan ɗaki biyu ne can sama, in ta leƙa taga ba abin da take gani sai wasu tagogin da shanyar mutanen da ba ta san su ba. Ba mai sallama, ba mai aron ludayi. Daga safe zuwa magariba ita ce da yaron, kuma ba ta da abin da za ta kira shi. Takan ce "kai", ko "yaron nan", ko "bawan Allah". In ta yi masa waƙar reno, wurin da suna ke shiga sai ta cike shi da amo kawai. In ta sauka da shi tsakar gidajen, tsofaffin matan Sin su kewaye ta suna taɓa ƙafarsa suna tambaya da hannu, ta san sunansa suke nema, sai ta yi murmushi kamar ba ta gane ba. Kaɗaici ya ishe ta, har wani lokacin takan buɗe famfo don kawai ta ji wani abu yana magana a gidan.

Lokacin damshi ya shigo, lokacin da bango ke gumi kuma wanki ke kwana uku bai bushe ba. Wata rana rana ta ɗan leƙo, ta hau saman bene da kayan yaro, ta tarar da wata mata tana shanya. Gajeriya ce, fara, mai ƙananan idanu. Mas'uda ta gaishe ta da ɗan abin da ta iya na yaren Sin. Matar ta yi dariya ta amsa da Turanci, ta ce ita ma iyakar abin da ta iya ke nan. Ashe ba 'yar ƙasar ba ce. Daga Indiya take, can arewa maso gabas cikin duwatsu, wani kwari da ake kira Ziro, kuma mutanenta Apatani ake ce musu. Mijinta ɗan wani yankin ne na Indiya, yana sayen fitilu yana aikawa gida, rabin wata yana hanya. Ƙofarsu na kallon ta su Mas'uda, wata da watanni ba su sani ba.

Ita ma tata damuwar ba ƙarama ba ce. A kasuwa Sinawa na yi mata yarensu, in ta kasa amsawa su ɗauka girman kai ne. A shagon Indiyawa kuma sai a yi mata kallon baƙuwa. Ta ce a makarantar mishan aka sa mata Grace, da shi mijinta ke kiran ta, amma sunanta na gida Yami. Ta bayyana wa Mas'uda cewa a wajensu sunan dangi ake fara faɗa kafin na mutum, kuma sunayen mata da yawa da Ya suke farawa, na maza da Ta, har in ka ji suna daga nesa ka san mace ce ko namiji. Ta ce tun da ta bar Ziro ba wanda ya kira ta Yami sai mahaifiyarta a waya. Mas'uda ta gwada sunan a bakinta ta ce, "Yami." Matar ta juya ta ci gaba da shanya, ta daɗe tana gyara zanen gado ɗaya da ba ya bukatar gyara.

Daga nan ta tambayi sunan yaro. Mas'uda ta yi ta kame-kame, daga ƙarshe ta rubuta a waya ta miƙa mata. Yami ta karanta da ƙarfi, "Suleiman", sai Mas'uda ta ji kunya ta rufe ta kamar surukin nata ne ya hawo benen ya same ta ba ɗankwali. Ta yi mata bayani iyakar Turancinta, na ɗan fari, na suruki, na Hajiya da jin nauyi. Yami ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"A gidanmu in an sa wa yaro sunan kakansa, don a sake jin sunan a cikin gida ne. Ku kuma kuna sa shi don kada kowa ya faɗa?"

Mas'uda ta yi dariya ta ce ba haka ba ne, girmamawa ce. Amma ta sauko daga benen maganar na cin ta.

Suka saba. Da hantsi Yami takan ƙwanƙwasa, ta shigo ta karɓi yaro Mas'uda ta samu ta yi wanka a tsanake. Ta koya mata cin tohon gora, Mas'uda ta ce warinsa ya fi na daddawa, Yami ta ce ai daddawar ma ta sunsuna, kowa ya riƙe tasa. Ta nuna mata hoton kakarta mai baƙaƙen toshe a hanci da zane daga goshi zuwa haɓa, da gonakin shinkafar da suke kiwon kifi a cikin ruwansu. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, shekara da shekaru da aure. Ta ce ta ajiye sunan kakanta, Tamo, tun tana budurwa, ga shi nan har yau ba mai ɗauka. Ba ta faɗe shi da kuka ba, ta faɗa ne tana jijjiga yaron a kafaɗa.

Mas'uda ba ta san ranar da abin ya fara ba. Ta dai fito daga wanka wata rana ta ji Yami na yi wa yaron wasa tana cewa Tamo, Tamo. Ta tsaya da tawul a hannu. Sai ta ce a ranta ai wannan ba lakabi ba ne, yaren wasu ne, ba zai kai Gwammaja ba balle Hajiya ta ji. Kuma matar nan ita kaɗai ce ke buga mata ƙofa a garin nan. Ta bari. Nan ne ta yi kuskure irin na mai tsoron suruka, ta tsare ƙofar gaba ta manta jariri bai san wane yare ne na gida ba. Shi duk sautin da aka fi jefa masa da fara'a shi yake ɗauka.

Yaro ya fara rarrafe. Wata safiya Mas'uda ta ɗora butar lantarki a ƙasa kusa da bango don ruwan wankansa, ta shiga kicin tana yanka albasa. Ta ɗago kai ta hango shi ya nufi butar, tururi na tashi, hannunsa na miƙe wajen igiyar. Tsakaninta da shi akwai tebur da kujera.

"Kai! Kai yaro!"

Ko waiwaye bai yi ba. Me zai sa ya waiwaya? Kai ake ce wa kowa, har kyanwar da ke tsakar gida. Yami ta shigo ke nan tana cire takalmi a bakin ƙofa. Ba ta ma ɗaga murya ba, ta ce, "Tamo." Yaron ya tsaya cak, ya juyo, ya washe baki da haƙoransa biyu, ya rarrafo wajenta.

Mas'uda ta ɗauke butar. Ta yi wa Yami godiya, ta sake yi, don ta cancanta. Amma godiyar nan ɗaci gare ta. Ita ta ɗauki cikinsa, ita ta yi naƙudarsa tsakanin mutanen da ba ta jin yarensu, ita ke kwana a zaune in yana zazzaɓi, ga shi ta kira shi a ranar da kira ke da amfani bai san da shi take ba. Kishi ya kama ta, irin wanda mutum ke jin kunyar sa amma ba ya iya ajiyewa.

Washegari Yami ta ƙwanƙwasa, Mas'uda ta leƙo ta ce yaro na barci. Jibi ta ce ba ta jin daɗi. Daga nan ta daina buɗewa ma, in ta ji bugun ƙofa sai ta shige ɗaki da yaron ta rufe, shi kuma ya yi ta zillo yana miƙa hannu. Yami ba wawiya ba ce, ta rage zuwa. Sau ɗaya ta rataya ƙullin shinkafar garinsu a hannun ƙofa ta tafi. Wani yammaci kuma ta daɗe tana bugawa fiye da kullum, har ta kira sunan Mas'uda, sannan aka ji takunta ya koma.

Shi kuwa Sharfaddeen ya ga abin da bai taɓa gani ba. Matar da ba ta ɗaga masa murya ta tsare shi a bakin ƙofa da safe ta ce ko ya gama takardun yaron nan su tafi Kano, ko ta daina dafa masa ko ruwan zafi. Ya ga ba wasa, ya bar shago a hannun abokinsa ya shiga zirga-zirga. Aka ce su saurara, takardu na hanya. Mas'uda ta fara haɗa tsaraba, ta saya wa Hajiya bargo mai laushi da flas. Har ta fara kintata abin da zai faɗo wa tsohuwar in ta ɗaga shi, don yaron ya yi nauyi yanzu, kuma an haife shi a nesa ana ruwa.

Takardun ba su riga kiran waya isowa ba. Hajiya ta faɗi a wajen alwala. Tana da rai, tana gane mutane, amma ɓarin jikinta ya shanye kuma magana ta ɗauke. Sharfaddeen ya bi jirgin da ya fara samu shi kaɗai. Da ya isa asibiti ya kira ta bidiyo ya kara wa mahaifiyarsa wayar, Mas'uda ta ɗaga yaron da hannu biyu yadda za a gan shi duka. Hajiya ta zuba masa ido. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa. Mas'uda ta manna kunnenta a jikin waya har tana danne numfashinta, ba abin da ta ji sai iska da ƙarar fankar asibiti. Likitoci sun ce maganar tana iya dawowa, tana iya ƙin dawowa, a dai yi ta addu'a.

Da Sharfaddeen ya fita baranda muryarsa ta canza. Ya ce, "Mas'uda, ki kira shi duk abin da ya kwanta miki. Ba wanda zai ga laifinki yanzu."

Ta ajiye wayar. Abin da ya fara zuwa ranta shi ne ta gaya wa wani, kuma mutum ɗaya ta sani. Ta saɓi yaron ta tsallaka ta tarar da ƙofar Yami a buɗe, ɗakin wayam, wani mutum a kan tsani yana fenti. Ta tambaye shi da hannu da ɗan abin da ta iya. Ya kaɗa burushi ya ce "meyo", babu, ya ambaci Yiwu, garin da mijin Yami ke yawan zuwa. Sai a lokacin ta gane dogon bugun ƙofar nan na rannan sallama ce aka zo yi mata. Lambar Yami na cikin wayarta, ta buɗe ta duba, amma da wane baki za ta fara?

Ta koma gida ta rufe ƙofa. La'asar ta yi, hasken rana ya kwanta a kan tabarmar roba inda yaron ke zaune ya ba ta baya yana bubbuga murfin tukunya. Ta saki labule, ko da yake ba mai ganin ta. Ta durƙusa a bayansa. Ta nemi gafarar surukinta a zuci, ta nemi ta mahaifiyarta. Sunan ya taso ya tsaya inda ya saba tsayawa, ta tura shi da ƙarfi.

"Suleiman."

Muryar ta fito ƙasa-ƙasa kamar ba tata ba. Yaron ya ci gaba da buga murfinsa. Ta sake faɗa, a fili wannan karon, har ta ji sunan ya bugi bango. Ko kunnensa bai motsa ba. Ta faɗa da waƙa, ta faɗa da tafi, ta faɗa har kunyar ta ƙare ta bar ta da sunan kawai, shi kuwa bai san an yi ba.

Ta zauna dirshan a kan tabarmar. Sannan a hankali, kamar mai karɓar aron abin da ta taɓa rainawa, ta ce, "Tamo."

Murfin ya faɗi daga hannunsa. Ya juyo da sauri fuskarsa cike da murna, Mas'uda ta buɗe hannuwa. Idonsa ya wuce ta. Ya rarrafa ta gefen gwiwarta har bakin ƙofa, ya zauna, ya ɗaga kai yana kallon hannun ƙofar yana jira a buɗe.